Takin Suruki

Azumin bana ya kewayo ya sake faɗawa tsakiyar bazara, daidai inda na san shi shekara talatin da wani abu da suka wuce. Ranar nan ina zaune a zaure bayan la'asar, an ɗauke wuta tun safe, leɓena ya bushe har ya tsage, sai ga 'yata Hadiza da ta zo hutu daga jami'a ta miƙo mini waya, wai in ga aikin da suke yi a ɗakin gwaji. Wai yanzu da hannunsu suke haɗa tantani daga wani irin mai, siriri, bai kai kumfar sabulu kauri ba. Su shimfiɗa shi tsakanin ruwa biyu, ɗaya salam ɗaya mai gishiri, su zauna suna auna yadda ruwa ke ratsa shi yana komawa ɓangaren gishirin. Ta ce tantanin jikin abu mai rai ya fi nasu saurin barin ruwa ya wuce, don shi yana da 'yan ƙofofi na ruwa musamman. Tana bayani tana washe baki. Na ce mata madalla, na mayar mata da wayarta.

Ta ɗauka azumi ne ya sa na ɗaure fuska. Ba azumi ba ne. Abin da take nuna mini a waya, ni a fadamar garinmu Jiga Birni na gan shi da rana tsaka, kuma har yau ban manta ba.

Lokacin jiharmu ta Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Maiyama, sabon fitowa daga kwaleji, daga ni sai kekena sai tsayin baki. Gida kuwa yana hannun yayana Sahabi tun rasuwar Baba. Mu huɗu ne manya a gidan: Inna, da Yaya Sahabi, da matarsa Kulu, sai ni da nake zuwa ƙarshen mako da lokacin hutu.

Baba bai bar mana shanu ba, bai bar mana gidan kwano ba. Irin albasa ya bar mana. Kowa a ƙasar Aliero yana noman albasa, amma ba duka suka zama ɗaya ba. Tamu ja ce jawur, mai ɗan siririn wuya, ɓawonta a matse. In aka zuba ta a rudu, rumbun ciyawar nan da muke ajiye albasa, sai damina ta yi nisa ba ta ruɓe ba, alhali ta maƙwabta ta daɗe da zama ruwa. Daga kakanmu Baba ya gaje ta, kuma bai taɓa ba wani ko cikin cokali ba. Rowar iri gare shi, Allah ya jiƙansa, har tsiya ake yi masa a ƙofar masallaci yana dariya. Shi kuwa irin albasa ba gero ba ne da za ka ɗaure ka manta da shi. In ya shekara ya ɗora, ya mutu. Dole kowace shekara a zaɓi manyan albasa, mu iyaye muke ce musu, a mayar da su ƙasa su fitar da kara su yi fure, a samu sabon iri.

A ƙarshen daminar waccan shekara ruwa ya yi ambaliya, ya share renon da Yaya ya yayyafa da irin da ke cikinsa kaf. Albasar sayarwa ma da dashen maƙwabta muka yi ta. Abin da ya rage na Baba a duniya iyayen nan ne da ke cikin rudu, 'yan kwanduna kaɗan. Yaya ya binne su a jerin fangalin ban ruwa da ya fi kusa da rijiya, inda zai riƙa ganinsu yana jan jigo. In suka yi iri, mun tsira da gadonmu. In ba su yi ba, ba ƙofar da za mu buga, don Baba ya tabbatar babu shi a hannun kowa.

Sun tsiro lafiya, sun fitar da kara. Amma ambaliyar ta bar mana yashi a wurin, ganyen ya riƙa ɗashewa yana komawa rawaya. Takin zamani ya ɓace a kasuwa, kullum sai a ce yana hanya. Fulanin da suka saba sauka gonarmu da kaka su bar mana kashin shanu, a shekarar sun bi ta wani wuri. Yaya ya rame a tsaye, ba ya magana sai ta taki.

Nan Malam Arzika ya shigo. Shi ne mahaifin Kulu, mahauci ne a Jega, kuma yana harkar fata. Mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don da mugu ne da na samu wanda zan zaga in huce. Ni ma na ci alherinsa. Makarantarmu ba ta da kayan gwaji, to wurinsa nake zuwa in karɓi mafitsarar akuya. In wanke ta, in ɗaure ta a bakin kwalbar da na fasa gindinta, in zuba ruwan gishiri a ciki, in tsoma ta a kwanon ruwa salam. Kafin a tashi darasi ruwan cikin kwalbar ya hau, yara su yi ta ihu wai tsafi. In ce musu ba tsafi, haka jikin kowane mai rai yake, mutum da akuya da albasa: 'yan ƙananan ɗakuna ne jere, kowanne da tantaninsa, ruwa yana ratsawa, gishiri ba ya ratsawa da sauƙi, kuma ruwa kullum ɓangaren da gishiri ya fi yawa yake bi. Duk sanda na je karɓa sai Malam Arzika ya yi dariya ya ce, "Malam Ummaru, wai mi kaka yi da mahitsarar akuya? Ko miya kaka sawa?"

A bayan rumfarsa akwai wani juji da ya shekara da shekaru ana tarawa: kashin dabbobin da ake ɗaurewa kafin yanka, da abin cikin tumbi, da jini. Baƙi ƙirin, da ka gan shi ka san taki ne na gaske. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, a gefen jujin ake shimfiɗa fatu ana barbaɗa musu gishiri, kuma duk ruwan da gishirin ya tsotso daga fatun ƙarƙashin jujin yake gangarawa, tare da sharar gishirin kanta.

Da ya ji ta bakin 'yarsa cewa surukinsa na neman taki, bai yi shawara da kowa ba. Ana saura kwana kaɗan a ga wata, sai ga a-kori-kura ta shigo fadama da hantsi, cike fal, shi kansa yana zaune gaba. Duk wanda ke ban ruwa ya saki guga ya zo kallo. A shekarar da mutum ke bin jaki da kwando don ya samu kashi, a kawo maka mota guda kyauta! Yaya ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a cikin laka, kansa ƙasa. Shi ko sunan mutumin ba ya iya faɗa. In sun haɗu a hanya, kewayewa yake yi ta bayan gari.

"Baba, wagga ɗawainiya ta yi yawa. Allah shi saka da alheri."

"Ba komi, ɗana. Ka zuba masu da kyau, kak ka yi rowa. In azumi ya kama ina nan tahe in gani da idona."

Yaya kuwa bai yi rowa ba. Tun da suruki ya ce a zuba da kyau, aka zuba da kyau. Ba a kai ko kwando ɗaya ga albasar sayarwa ba, duka a kan iyayen Baba aka juye shi, har gindin karan ya nutse.

Aka ga wata, makaranta ta ba da hutu, na dawo gida gaba ɗaya. Azumin shekarar ba na wasa ba ne. Geronmu ya yi ƙasa saboda ambaliya, sai Inna ta mayar da mu kan dawa. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, a kora da ruwan randa har ciki ya riƙa ƙara. Muna idar da asuba mu gangara fadama. Yaya a kan jigo, yana tsoma guga yana juyewa, ni da fartanya ina buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Kafin hantsi rigar mutum ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Da azahar ƙasa ba ta takuwa, iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Ka wuni ruwa na bin yatsun ƙafarka, sanyinsa na hawa ƙwabrinka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na cika maka hanci, harshenka kuwa ya manne a ganɗa. Mu kwanta ƙarƙashin mangwaro ba mai ce wa wani uffan, don magana ma yawu take ci. La'asar ta yi mu sake tashi.

A kwanakin farko iyayen sun buɗe fure, fari tas a kan kowane kara, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Sai na lura da rana suna sunkuyar da kai. Na ce rana ce. Amma albasar sayarwa da ke can nesa da rijiya, wadda ba ta samun rabin ruwan da suke samu, tana tsaye ƙyam. Bakin ganyen iyayen ya fara ƙonewa kamar an bi shi da wuta. Yaya ya ce ƙishi ne, ya ƙara musu ruwa. Washegari suka fi jiya laushi. Ya sake ƙarawa. Ƙasa jagab, ka taka ƙafarka ta nutse, shuka kuwa tana yaushi kamar ta shekara ba ta ga ruwa ba. Na tone gindin guda ɗaya, na tarar saiwar ta yi launin ƙasa ta tsotse, ita kanta uwar ta yi taushi ta motse.

Da rana ta ɗaga sai na ga gefen fangalin, inda ruwa ya ja baya, ya yi wani fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na ɗebo a yatsa na kai kusa da baki, na tuna ina azumi, na tsaya da yatsa a sama kamar wawa. Haka na wuni ina kallon farin abin nan ina jiran rana ta faɗi, ba don yunwa ba.

Ranar nan aiki ya ja mu, magariba ta riske mu a fadama. Muka jiyo kiran salla daga gari. Butar da muka zo da ita tana can gindin mangwaro, Yaya kuwa yana tsugune a bakin fangali, sai kawai ya yi bisimilla ya kamfaci ruwan da ke kwance a gindin iyayen ya kai baki. Ina kallonsa. Na ga kumatunsa sun tsaya, idonsa ya ƙanƙance. Bai tofar ba. Wallahi haɗiyewa ya yi, ya shafa fuska, ya ce alhamdu lillahi.

Ni ma na kamfata. Kai! Ko ruwan da Inna ke jiƙa kanwa bai kai shi ba. Na tofar, na ce, "Yaya, gishiri na. Takin ga gishiri na zalla."

"Na jiya."

"To ka san abin da ke faruwa? Ruwan da kaka zubawa narkar da gishirin yakai, shi kai shi ga saiwa. Gishirin na waje, shi ka jawo ruwan jikinsu. Ba sha sukai ba, tatsarsu akai. Yadda Baba Arzika ka tatsar fata, haka."

"Kak ka sa sunanai cikin wagga magana."

Na ce to ban sa ba. Na ce maganin a fili yake: gobe da asuba mu kankare takin nan duka, mu kwashe shi a kwando mu fitar, mu fasa bakin fangalin ta ƙasa, mu yi ta kwarara ruwa yana wucewa har ya wanke abin da ya shiga. In mun yi da wuri, rabi ko fiye za su farfaɗo. Na san abin da nake faɗa, aikina ke nan.

Yaya ya kakkaɓe lakar hannunsa. Sannan ya ce, "Fadama duka ta ga sa'adda anka kawo shi. Kana so fadama duka ta ga na kwashe kyautar surukina a kwando na watsar? Kahin azahar labari ya kai Jega. Ya ce yana nan tahe. Bari shi zo shi gani shi koma, sannan mu kwashe."

"Yaushe za shi zo?"

"Sa'adda Allah ya kawo shi."

"Yaya, irin Baba na fa!"

"Na san ko na wa na. Kuma ka ji da kyau, Ummaru. In maganar ga ta kai kunnen Kulu ta bakinka, ban yahe maka ba."

Washegari na riga shi sauka, na fara kankarewa ta can ƙurya inda ba mai gani. Ya iso, bai ɗaga murya ba, ya zare fartanyar daga hannuna, ya mayar da takin da ƙafarsa ya daddanne. A gandu ƙane ba shi da ta cewa, ko da kuwa ya haɗiye allon makaranta. Na tafi wurin Inna na zayyana mata komai. Ta saurara, hannunta ya tsaya a kan tsamiyar da take jiƙawa. Amma Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta ba shi umarni a kan surukinsa. Abin da ta iya cewa kawai, "Ka hwaɗa ma wancan yaron shi duba lamarin." Na ce Inna, wancan yaron ya duba, har ya sha. Ta ce to Allah shi kyauta, ta ci gaba da dama kunu, hawaye na bin gefen hancinta.

Muka zauna jiran baƙo. Ban taɓa tsanar jira ba kamar na waɗannan kwanaki. Kowace safiya Yaya ya hau jigo ya ba su ruwa, don in bai ba su ba rana ta kashe su, in ya ba su gishiri ya kashe su. Ya san haka, na san haka, muna yi. Hannunsa ya faffashe da igiya. Da ya ji ƙarar mota a kan hanya sai ya saki guga ya miƙe yana hange, ta wuce, ya koma. Aka ce Malam Arzika ya tafi sayen dabbobi. Aka ce ya dawo amma kasuwa ta riƙe shi, ga hidimar azumi. Maƙwabta su biyo su tsaya su yi ta ba da fatawa. Wani ya ce tsutsa ce, wani ya ce sammu ne saboda rowar Baba, wani ya ce a nemo rubutu a yayyafa. Ba wanda ya ce taki, don kowa ya ga irin baƙinsa da kyansa, kuma kowa ya yi kwaɗayinsa. Furen ya riƙa komawa ruwan toka tun bai ɗaure 'ya'ya ba. Karan ya riƙa karyewa ta tsakiya yana kifewa cikin laka, jere bayan jere. Ƙudan zuman ma suka daina zuwa.

A gida kuwa Kulu ta tare mu da kunun tsamiya da fara'arta, tana tsokanata yadda ta saba. "Malam ƙarami, yaya takin Babana? An ce ku kaɗai ad da taki a fadama bana." In ce mata yana nan yana aiki. Ban yi ƙarya ba, yana aiki.

Sai cikin goman ƙarshe baƙon namu ya zo, a bayan babur, da ƙullin nama na shan ruwa a hannu. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa. Malam Arzika ya taho da murmushinsa har bakin fangalin farko, sai murmushin ya tsaya. Ya bi jeren da ido. Ya tsuguna, ya ɗebi farin abin nan a tsakanin yatsu ya murza. Ya kai hanci. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana barbaɗa wa fata gishiri, ba ya bukatar malamin kimiyya ya gaya masa abin da ke hannunsa. Na ga yana goge yatsun a jikin riga. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yanzu zai faɗa, a kwashe, ko 'yan na ƙurya mu tsira da su.

Ya miƙe, ya dubi gabas, ya ce, "Bana rana ta yi yawa."

Yaya, kansa ƙasa, ya ce, "Awo, Baba. Rana ta."

"Allah shi mayar da alheri."

"Amin, Baba. Mun gode da taki."

Mun gode da taki! Ina tsaye da fartanya a hannu, na ciji leɓena har na ji ɗanɗanon jini, ban ma tuna da azumi ba. Manya biyu, masu hankali, masu salla, kowanne ya san abin da ɗayan ya sani, suka tsaya a kan gawar irin Baba suna zargin rana. Malam Arzika yana jin kunyar ya ce na cuce ka ban sani ba, Yaya kuma yana jin kunyar ya nuna ya gane. Baƙon ya ajiye naman, ya hau babur, ko gida bai shiga ya ga 'yarsa ba.

Ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba Yaya ya fizgi fartanya. Muka kankare, muka kwashe, muka fasa bakin fangali. Ya hau jigo kamar mahaukaci, da azumi a bakinsa, a ranar da kare ma ba ya fita. Ya yi ta ja har ruwan rijiyar ya koma laka, ya jira ya taru, ya sake ja. Wajen la'asar na ga ya saki igiya ya zauna daɓas, idonsa ya juye. Na jiƙa rawaninsa na shafa masa a kai. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara cewa shi ne in buɗe wa na ƙurya ruwa. Na buɗe. Amma saiwar da ta riga ta mutu ba ta shan ruwa, ko na Zamzam ne.

Bayan kwana biyu wata mai tallar daddawa daga Jega ta kawo wa Kulu saƙon mahaifiyarta: wai tun da ubanta ya dawo daga gonarmu ba ya cin abincin kirki, kuma ya sa an kwashe jujin bayan rumfa duka an kai daji. Kulu ba yarinya ba ce, a cikin warin fata da gishiri ta girma. Ta same ni a bakin rijiyar gida ina alwala, ta tsaya a kaina, babu tsokana a fuskarta.

"Malam ƙarami, tun yaushe kunka sani?"

Na ajiye butar.

"Tun hwarkon azumi ko? Ina ba ku kunu kuna kallona." Ta matso kusa. "Da kun hwaɗa min, da na aika ma Innata, ita ta san yadda taka hwaɗa mai cikin ɗaki ba wanda ya ji. Da shi da kainai za shi aiko a kwashe, shi ce ya tuna wani abu. Wuni ɗaya ya isa. Ubana na, ba dodo ba."

Ta juya ta shige ɗaki. Wuni ɗaya. Hanyar tana cikin gidanmu, tana dafa mana sahur, aka hana ni bi da rantsuwa. Ban ɗora wa kaina laifi ba, na faɗa, na maimaita, na kama fartanya aka ƙwace. Amma sanin da na yi bai tsirar da ko kara ɗaya ba, kuma da ban sani ba da na fi samun barci.

Aka yi salla ba daɗi. Bayan salla muka yanke kawunan da suka rage a tsaye, 'yan na ƙurya, ba su cika kwando ba. Inna ta shanya su a tabarma a tsakar gida, ta zauna gadinsu da kara a hannu saboda kaji. Da suka bushe ta murje su a tafin hannu, Kulu ta sheƙe a faifai. Abin mamaki sai ga iri ya fito, baƙi sidik, ya kusa cika ɗan ƙoƙo. Yaya ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin azumi.

"Ka gani, Malam? Ko wanga ya isa reno guda. Baɗi mu tada shi."

Inna ta leƙa ƙoƙon. Ta sa Kulu ta kawo ƙwarya da ruwa. Haka ake gwada irin albasa a gidanmu: a juye shi a ruwa, mai ƙwaya ya nutse ƙasa, fanko ya taso sama a yaɗe shi a zubar. Muka kewaye ƙwaryar mu huɗu, da hantsi, kowa a tsugune. Inna ta yi bisimilla ta juye.

Ya bazu a saman ruwan, ya rufe shi baƙi ƙirin. Muka jira. Inna ta sa yatsa ta juya, ya kewaya ya dawo ya tsaya a sama. Ta danna shi da tafin hannu har ƙasa, ta ɗaga, ya biyo hannunta. Yaya ya ce a ba shi lokaci, bai jiƙa ba tukuna. Aka ba shi lokaci, har inuwar katanga ta janye daga kanmu. Sannan Inna ta fara yaɗewa da hannu tana zubarwa gefe, kamfata bayan kamfata, a hankali, har ruwan ya yi garau. Muka leƙa gaba ɗaya, kawunanmu na gwaruwa. Ba komai a gindin ƙwaryar sai ɗinkin da aka yi mata inda ta taɓa tsagewa.

Inna ta sa hannu ta shafa gindin duk da haka, ta bi ɗinkin da farce ko wata ƙwaya ta maƙale. Ta fito da hannun ta duba. Ta goge shi a zane.

"Ran kasuwa ku tai Aliero," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ku sawo iri irin na kowa."

Yaya ne ya je, shi kaɗai, a ƙasa. Albasar da muka samu daga wannan irin, ruwan farko na sauka ta fara wari a cikin rudu.